Barira da Rundunar Masu Cin Leda

A garin Rafin Ɗinya an yi wata mace ana ce da ita Barira, 'yar Malam Inuwa mahauci. Tun tana yarinya take ganin ubanta in ya farke tumbin saniya yana zaro leda ƙulli-ƙulli, baƙa da fara, wata ko rubutun jikinta bai goge ba. Yakan jefar ya ce, "Kin ga abin da ya ramar da ita. Ciki taf, amma da yunwa ta zo mahauta." Wannan ne ya sa Barira ta yi karatu mai zurfi, har ta zama masaniyar ƙananan halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Kullum tana bin juji da kwata tana ɗibar taɓo a 'yan kwalabe, ta kai ɗakin gwaji, ta yayyanka leda ta zuba a ciki, ta zauna jiran ko akwai halittar da za ta ci. Shekaru suka shuɗe, leda ko gezau. Mutanen gari suka laƙaba mata Dakta Bola, ita kuwa tana amsawa da fara'a.

Wata rana da hantsi, a farkon damina, ta je kududdufin bayan kasuwa ɗibar taɓo. Leda ta rufe fuskar ruwan ƙaf, har kaza na iya takawa ta haye. A bakin gaɓa ta tarar da wata shamuwa kwance, leda ta nannaɗe mata ƙafa da fiffike. Barira ta durƙusa ta ciro almakashi ta yanke mata. Shamuwa ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta dube ta, ta ce, "Salamu alaiki, ya ke 'yar Adam. Magajiyar Ruwa tana kiranki. Ke kaɗai ce a garin nan kike zuwa bakin ruwan nan don ki ɗauka, sauran duk zubawa suke yi."

Barira ta yi ta maza ta amsa sallama. Kafin ta ce wani abu, shamuwa ta kumbura ta zama kamar raƙumi, ta sunkuyar da wuya ta ce ta hau. Suka tashi sama, suka juyo suka tsunduma tsakiyar kududdufi, ruwa ya dare musu kamar labule.

A ƙarƙashin ruwan akwai birni mai ganuwar katantanwa da soraye na farin yashi, amma duhu ya lulluɓe shi, don leda ta tare hasken rana. Ko'ina aljanu ne zaune jugum suna tari. Aka kai Barira fada. Magajiyar Ruwa tana bisa karaga, doguwa, gashinta kamar gansakuka, idanunta kamar farin wata. A damanta wani baƙin aljani ne tsaye da takobi, ƙirjinsa kamar ƙofar gari, sunansa Jarma Gurnani.

Magajiya ta ce, "Ya ke 'yar Adam, tun da aka shimfiɗa ƙasa akwai alkawari tsakanin abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Duk abin da ya faɗi, Rundunar Ruɓa ta cinye shi, ya koma ƙasa, ya sake tsirowa. Ƙwarya ta fashe ta koma, tabarma ta tsufa ta koma, giwa ta mutu ta koma. Sai ku kuka ƙera abin da ba ya mutuwa, kuka zubo mana. Numfashinmu ya kusa ƙarewa, in kuwa muka mutu, rijiyoyinku za su bi mu."

Barira ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya kika faɗa. Na daɗe ina neman mai cin abin nan, ban samu ba."

"Kin nema a sama-sama ne. An ce can ƙasan Tsohon Juji, uwar jujin duniya, wata zuriya daga cikin Rundunar Ruɓa ta koyi cin leda. Mu jikinmu ba ya jure hanyar. Ki je ki zo mana da su."

Jarma ya buga ƙotar takobi a ƙasa ya ce, "Allah ya ja zamanin Magajiya, yaushe aka taɓa aiken kura kiwon awaki?"

Magajiya ta ce, "Wanda ya ɗaura shi ya san bakin ƙullin, Jarma." Ta miƙa wa Barira 'yar butar duma cike da ruwa, ta sallame ta.

Shamuwa ta ɗauke ta suka bi wata ƙofa a bayan birni, suka fito wata ƙasa mai jan sararin sama. Ba su yi nisa ba suka iso Dajin Leda. Bishiyoyinsa ba su da ganye ko ɗaya, sai ledoji rataye a rassa suna kaɗawa. Da suka ji ɗumin numfashi sai suka tsinko gaba ɗaya kamar farin ɗango, suna manne wa Barira a baki da hanci. Shamuwa ta kasa tashi, ta faɗo ƙasa. Barira ta ɓamɓare ɗaya, goma suka maye. Idanunta suka fara rufewa. Sai ta lura ledar da ta taɓa bakin butar nan mai laima ta sulale ta faɗi. Nan take ta cire mayafinta ta jiƙa shi sharaf, ta lulluɓe kanta da kan shamuwa. Ledoji suka riƙa faɗowa suna zamewa, su kuwa suna lalube a ƙasa har suka fita dajin.

Daga nan sai Kogin Goruna. Babu ɗigon ruwa a cikinsa, gorunan roba ne zalla suke gudu suna ƙara kamar ana kiɗan ganga dubu, iskar da ke bisansa kuma tana karya fiffiken duk tsuntsun da ya gwada hayewa. Barira ta jefa dutse, ya nutse ba a ji saukarsa ba. Ta zauna a gaɓa tana tsamo gorunan da murfinsu ke rufe, ta tsinko zaren buhu da ke warwatse a wurin, ta ɗaɗɗaure su ta yi gado. Suka hau, kogi ya yi ta wurgi da su, ya ɗaga su sama ya maka su ƙasa, Barira na riƙe da wuyan shamuwa tana salati, har ya tofar da su a ɗaya gaɓar.

A gabansu Tsohon Juji ya tsaya, tsayinsa ya shige gajimare, tururi na tashi daga jikinsa. A ƙofarsa wani buzuzu ne zaune, girmansa kamar rumbu, bayansa na sheƙi kamar an shafa masa mai. Ya ce, "Tsaya nan, 'yar Adam. Ba a shiga sai an amsa. Wace ce ta cinye giwa, ta cinye kuka, ta cinye sarki da rawaninsa, amma ba a taɓa ganin bakinta ba?"

Barira ta yi murmushi ta ce, "Ya kai mai tsaron ƙofa, ai wurinta na zo. Rundunar Ruɓa ce. Ni na taɓa hango su ta madubi, amma ban taɓa gaishe su ba."

Buzuzu ya yi dariya har juji ya girgiza. Ya ɗiga mata wani ɗigon raɓa a harshe. Nan da nan ta ga shamuwa ta zama kamar tsauni, ƙwayar yashi ta zama falalen dutse, ita kuwa tana ta ƙanƙancewa har ta zurma ta wata tsaga ta faɗa can ƙasa.

Abin da ta gani a can ya sa ta manta da tsoro. Ƙasa ce mai ɗumi da laima, cike da halittu ba iyaka, wasu kamar 'yan sanduna, wasu kamar duwatsun tsakiya, wasu masu wutsiya suna iyo. Kowa na aiki, babu mai hayaniya. Nan ana warware ganye, can ana narkar da ƙashi. A wani lungu kuma ta ga wasu sarƙoƙi dogaye marasa iyaka, sun sarƙe da juna tamau. Sai ta gane ledar da ta sani ke nan in an zo kusa da ita. Wasu 'yan halittu ƙalilan sun kewaye sarƙa ɗaya suna tofa mata yawu. Yawun na taɓa mahaɗar sarƙar, sai ta yi laushi ta ɓalle, su haɗiye guntun, su matsa gaba. Barira ta tsaya tana kallo, hawaye na zubo mata. Ta ce a ranta, tsarki ya tabbata ga wanda bai saukar da cuta ba sai da ya ɓoye maganinta a wani wuri.

Ta matsa ta yi sallama ta ce, "Ina neman sarkinku."

Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce, "Ba mu da sarki, ya ke babbar baƙuwa." Yana cikin magana ya tsuke a tsakiya ya rabe biyu, su biyun suka ci gaba da murya ɗaya. "Duk wanda ya ƙoshi a cikinmu sai ya zama biyu, wa za a naɗa? Faɗi buƙatarki, duk muna ji."

Ta ba su labarin birnin ruwa da shanun garinsu. Suka ce, "Kakanninmu sun yi ta mutuwa da yunwa a kan sarƙar nan, zuriya bayan zuriya, kafin a haifi wanda yawunsa ya iya yanka ta. Za mu bi ki. Amma ki ji abu biyu. Na fari, mu masu ci a hankali ne. Abin da hannu ɗaya ya jefar kafin ƙiftawar ido, mu sai mun yi wata da watanni a kansa. Na biyu, bakinmu bai san ledar da aka yar da bututun da ke kawo muku ruwa ba, bai kuma san robar ƙarin ruwan majiyyaci ba. In kika sake mu a sarari, za mu ci har abin da ranku ke rataye da shi. Ki samo mana gida wanda abinci zai shiga, ruwa ya fita, mu kuwa mu zauna."

"Ina zan sami irin wannan gida?"

"Ki tambayi Masaƙin Dutsen Numfashi."

Wasu daga cikinsu suka shige cikin butar dumarta. Buzuzu ya mayar da ita girmanta, shamuwa ta ɗauke ta suka nufi gabas, har suka hango wani dutse yana tashi yana sauka kamar ƙirjin mai barci. Da suka sauka a kansa sai ƙafarta ta nutse kamar ta taka katifa, ta ɗaga ya dawo yadda yake. Jikinsa duk ƙofofi ne, a cikin kowace ƙofa akwai wasu ƙofofin, iska na shiga tana fita da wani sauti kamar sarewa. A ƙwanƙolinsa wani tsohon aljani ne zaune, hannuwansa sun fi na ƙaguwa yawa, yana saƙa. Yana ɗaukar ƙwayar ƙarfe da ba ta kai ƙurar kwalli ba ya yi ƙulli da ita, ya haɗa ta da 'yar uwarta da zare mai lanƙwasa, ɗaki bisa ɗaki.

Barira ta gaishe shi ta faɗi abin da ya kawo ta. Masaƙi bai ɗaga kai ba, ya yanko wani yanki kamar girman goro ya ɗora mata a tafin hannu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kama yake da soson wanka.

Ya ce, "Kada ki raina shi, 'yar Adam. Da za a shimfiɗa ɗakunan da ke cikinsa, da sun rufe gonar gandu. A matse shi ya lanƙwashe, a sake shi ya miƙe. Ƙofofinsa suna buɗe wa baƙon da suka sani, su tsuke wa wanda ba su sani ba. In kin yanke shi kin sa a ruwa zai tofu. Amma da zarar ya bar dutsen nan ya mutu, sai in wani ya ba shi rabo daga numfashinsa. Abin da aka ba shi kuwa ba ya dawowa."

Barira ta ce, "In na ba shi, me zai same ni?"

"Ba za ki ƙara gudu ba, ba za ki ƙara ɗaga murya ba. In kin ja numfashi ya buɗe, in kin riƙe ya rufe, har ranar da zai saba da duniyarku ya riƙa yi da kansa."

Shamuwa ta ce, "Ki yi tunani, Barira. Ba a tilasta miki ba."

Barira ta kai soson bakinta ta hura. Ta ji wani abu ya zare daga ƙirjinta kamar an ja zare daga zane. Soso ya kumbura, ya sauka, ya sake kumbura. Ta tsiyaya masa ruwan buta, masu cin leda suka shige ɗakunansu. Masaƙi ya ɗaga kai a karon farko, ya dube ta da kyau, ya ce, "Sarakunan aljanu sun zo nan sun ji sharaɗin sun juya. Sauka lafiya."

Suna dab da ƙofar birnin ruwa sai ƙasa ta tsage, Jarma Gurnani ya fito da takobi tsirara. Ya kaɗe shamuwa gefe da bayan hannu, ya fizge soson daga hannun Barira.

Ya ce, "Na ji duk abin da masu cin ledar nan suka gaya miki. Suna cin bututu, suna cin rigar wayar wuta, suna cin komai naku. Madalla! Yau zan watsa su cikin iska su hau duniyarku. 'Ya'yana uku leda ta shaƙe a gadon barcinsu, 'yar Adam. Ku ma ku ɗanɗana."

Barira ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Allah ya ba ka haƙuri, Jarma, an zalunce ka, ba na musu. Amma wanda zai fara mutuwa jariri ne da ke kwance a asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu, bai taɓa jefar da komai ba. Ba zan buɗe maka ba."

Tana faɗin haka ta ja numfashi ta riƙe. Ƙofofin soso suka tsuke gam.

Jarma ya matse shi a tafinsa, soso ya lanƙwashe ya dawo. Ya ɗora shi a kan dutse ya sara, takobi ya yi tsalle ya koma. Ya taka, ya ciza, ya ja shi har ya yi tsawon igiya, yana saki ya dunƙule. Ya juyo ya daka mata tsawa, "Ki yi numfashi!" Barira ta girgiza kai. Jijiyoyin wuyanta suka tashi, idanunta suka yi ja, ta durƙushe. Ta toshe hanci da baki da hannu biyu don kada jikinta ya ci amanarta. Duniya ta fara juya mata, ta kife a ƙasa, hannunta bai saki ba.

Jarma ya tsaya a kanta yana huci. Ya ga yadda ƙirjinta ke fizga yana neman iska, irin fizgar da ya gani a ƙirjin 'ya'yansa. Takobi ya suɓuce daga hannunsa. Ya durƙusa ya ɓamɓare hannuwanta daga fuskarta, ya ajiye soson a tafinta ya rufe da yatsunta.

Ya ce, "Sha iska, 'yar Adam. Na rantse da wanda ya halicce mu daga wuta ya halicce ku daga yumɓu, ba zan taɓa shi ba. Na gaji da ganin ana shaƙewa."

Da ta farfaɗo, shi da kansa ya ɗauke ta a kafaɗa ya kai ta fada. Magajiyar Ruwa ta sauko daga karaga, abin da ba ta taɓa yi wa wani ba, ta dafa kanta ta ce, "Kin cika alkawari. Saura mutanenki su rage zubowa, don masu ci a hankali ba za su iya tsere da masu zubawa da gaggawa ba."

Shamuwa ta mayar da Barira bakin kududdufi. Ta koma ɗakin gwaji ta yanka soson ta sa a ruwa, ya tofu, ta sake yankawa. Ta sa aka saƙa mata kwanduna, ta jera sosunan a ciki, aka riƙa tsamo leda ana daddatsawa ana zubawa. Da fari mutane suka taru suna jiran su ga leda ta ɓace kamar an yi tsafi. Da suka ga shiru sai suka fara watsewa suna dariya. Barira ba ta da muryar da za ta tsayar da su. Sai ta bi rumfunan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, tana tafiya tana hutawa, ta zauna kusa da kowace mai sayar da kayan miya ta yi mata bayani a hankali kamar mai raɗa. Abin mamaki, maganar da aka yi ta ƙasa-ƙasa ta fi shiga kunne. Mata suka fara zuwa cefane da kwando da kwano, masu ƙosai suka koma ganye da takarda.

Bayan damina ta wuce, wata daminar ta zagayo, Barira ta kira shugabar matan kasuwa, Hajiya Tasalla, bakin ruwa. Ta ɗago kwando ɗaya ta ce, "Hajiya, sa hannu ki ɗebo."

Hajiya Tasalla ta naɗe hannun riga ta ɗebo wata baƙar leda. Tana murzawa sai ta ruguje a yatsunta kamar busasshen ganyen kuka, ta bi ruwa. Ta dubi hannunta, ta dubi Barira, ta ce, "Ikon Allah! Dakta, wai su waye suke wannan aiki haka?"

Barira ta ce, "Bayin Allah ne, Hajiya, ba sa son a gan su."

A daidai wannan lokaci, can tsakiyar kududdufi inda ruwa ya buɗe, hasken rana ya sauka har ƙasa, wani farin furen bado ya ɗago kai ya buɗe. Daga ƙarƙashinsa kuma aka ji wata ƙara mai zurfi kamar guɗa, mata suka ja da baya suna salati. Barira kaɗai ta zauna a gaɓa tana haki a hankali, tana murmushi, don ta san mutanen birnin ruwa ne suka ga rana.

Iyakar abin da ya zo mana na labarin Barira 'yar Inuwa ke nan, Allah ya ƙara mata numfashi.